Asma a sanyin Jos: shuɗiyar inhela, ƙwayoyi, inhelar kariya ko injin nebulaiza, wanne za ka sa wa kuɗinka?

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, abu uku ne ke haɗuwa a kan mai asma a Jos. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, shi ya sa sanyin asuba yakan sauko kusa da digiri 10 a Disamba da Janairu. Ga busasshiyar ƙurar hunturu. Ga kuma abin da muke jawo wa kanmu wajen gudun sanyin: kaskon gawayi a cikin ɗaki, tagogi a rufe, turaren wuta, da bargunan da aka ciro daga ƙasan akwati da ƙurarsu. A wannan lokacin ne mutum ke tsayawa a gaban kemis a Bauchi Road ko Terminus da kuɗin da ba zai isa komai da komai ba. Wani ya ce masa shuɗiyar inhela ta wadatar, wani ya ce ƙwaya ta fi araha, likita ya rubuta wata inhela mai tsada, maƙwabci kuma ya ce ya yi ƙoƙari ya sayi injin nebulaiza irin na asibiti, mai fitar da magani kamar tururi, ya huta.

Bayanin nan na wanda likita ya riga ya tabbatar masa da asma ne. Idan tari ya wuce mako 2 tare da rama da zufar dare, a fara da gwajin tarin fuka, wanda kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Dattijon da numfashi ya fara yi masa wuya da girma, ƙafafunsa na kumbura, zuciyarsa ya kamata a fara dubawa.

Da me za a auna su?

Ma'auni na farko ya fi sauran nauyi: wane aiki maganin yake yi? Matsala biyu ce a ƙirjin mai asma. Akwai matsewar tsokar da ke zagaye da hanyoyin iska, ita ce ke zuwa farat ɗaya, ƙirji ya ɗaure, numfashi ya riƙa fito. Akwai kuma kumburin da ke cikin hanyoyin, mai tara majina, wanda yana nan ko a ranar da mutum ke jin garau. Matsewar ake ji, amma kumburin ne ke haifar da ita. Wani magani matsewar kawai yake saki, wani kumburin yake kwantarwa, wani ya haɗa biyun.

Na biyu kuɗi, amma kuɗin wata guda, ba kuɗin abin da aka miƙo maka a kanta ba. Tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023, sannan kamfanin GSK mai yin inhelolin Ventolin da Seretide ya sanar a watan Agustan shekarar cewa zai daina harkarsa kai tsaye a Najeriya ya koma bi ta hannun dillalai, farashin inhela ya ninka, kuma har yau shago da shago sukan sha bamban sosai. Lissafin da ba ya tsufa shi ne ka duba yawan feshin da aka rubuta a kwali, ka raba da yawan da za ka yi a rana, ka ga kwana nawa zai kai ka. Ka kuma sa kuɗin kwanciya asibiti da ranakun da aka rufe shago a cikin lissafin, don su ma kuɗin asma ne.

Sauran ukun su ne daɗewar abin da juriyarsa ga zafi, sanyi da danshi. Sauƙin amfani da shi, musamman ga yaro ko tsoho ko a daren da babu wuta. Sai haɗarinsa, na kusa da na nesa.

Shuɗiyar inhela ita kaɗai

Salbutamol ke nan, wanda aka fi sani da Ventolin, akwai kuma na kamfanonin Indiya da suka fi sauƙin kuɗi. Kowane gwangwani feshi 200 ne, kowane feshi maikrogiram 100. Cikin minti 5 ake jin ƙirji ya buɗe, aikinta kuma yakan kai awa 4 zuwa 6. A cikin inheloli ita ce mafi araha, tana shiga aljihu, ba ta neman wuta. Illarta ta nan take ba ta wuce rawar hannu da bugun zuciya na ɗan lokaci ba.

Aibinta guda ne, amma babba: ko kusa ba ta taɓa kumburin. Kamar tara kwano ne a ƙarƙashin yoyon rufi, ɗaki ya tsira a daren, ramin kwanon rufin kuma yana ƙara faɗi. Shekara da shekaru likitoci da kansu suna ba masu asma mara tsanani ita kaɗai. A 2019 hukumar GINA, wadda likitocin duniya ke bin jagorarta kan asma, ta janye wannan shawara ga manya da matasa, bayan an tara shaidar cewa mai asma "mara tsanani" ma yakan gamu da tashin da zai kai shi asibiti ko ya yi ajalinsa. Akwai alkaluma biyu da ya kamata kowa ya riƙe. Wanda ke ƙarar da gwangwani 3 ko fiye a shekara, haɗarin mummunan tashi ya ƙaru a kansa. Wanda ke ƙarar da guda a kowane wata, haɗarin mutuwa ne ya ƙaru.

Ta fuskar daɗewa, gwangwani ɗaya ya kamata ya kai mai asmar da ta kwanta wata da watanni. Kada a bar ta a cikin mota da rana. Da asubar Janairu kuma, idan gwangwanin ya yi sanyi ƙarara, a ɗumama shi a tafin hannu kafin a fesa, don sanyi yana rage ƙarfin feshin. Wata matsalar ita ce yawancinsu ba su da ma'aunin da ke nuna saura nawa, kuma gwangwani yakan ci gaba da fitar da iska bayan maganin ya ƙare. Dabarar jefa shi a ruwa a ga ko zai nutse ba abin dogaro ba ce. Rubuta ranar da aka buɗe shi a jikin kwali ya fi.

Dole ne a riƙe ta, ban ce a yar ba. Abin da ake ƙi shi ne ta zama ita ce duk maganin.

Ƙwayoyi da sirop na kemis

A nan ne mafi yawan mutanenmu suke, saboda ana sayar da su ƙwaya-ƙwaya, kuma akwai masu jin kunyar a gan su da inhela, ko masu tsoron wai in ka fara ta ba ka bari. Sai dai araha ba ta ado. Ƙwayoyin nan iri-iri ne, kuma bai kamata a yi musu kuɗin goro ba.

Ƙwayar salbutamol da sirop ɗinta magani ɗaya ne da na shuɗiyar inhela, amma sai ya bi ta ciki da jini kafin ya isa huhu. Saboda haka ana buƙatar adadi mai yawa: ƙwaya ɗaya miligiram 2 ko 4 ce, wato daidai da feshi 20 ko 40. Tana jinkirin fara aiki, ta fi sa rawar jiki da faɗuwar gaba, kumburin kuma yana nan. Tiyofilin da aminofilin tsofaffin magunguna ne da tazarar da ke tsakanin adadin da ke aiki da adadin da ke cutarwa ba ta da yawa. Ƙari kaɗan sai amai, rikicewar bugun zuciya, har da jijjiga. Ba abin da za a riƙa sha da ka ba ne.

Sai firednisolon da deksa, ƙwayoyin da ake kira siteroid, waɗanda su suka fi yaudara domin suna aiki da gaske. Suna kwantar da kumburin sosai, mutum ya ji kamar an cire masa dutse daga ƙirji. Likita yakan ba da firednisolon idan asma ta tashi da ƙarfi, na kwana 5 zuwa 7 ga babba, 3 zuwa 5 ga yaro, kuma a wannan gurbin yana ceton rai. Bala'in yana farawa ne idan mutum ya mayar da ita abincin kullum. Fuska ta cika, ciki ya fito, 'yan uwa su ce ya yi ƙiba ya murmure, alhali ciwon suga, hawan jini, raunin ƙashi da yanar ido ne ke tahowa. Wanda ya daɗe yana sha kuma bai kamata ya tsaya rana ɗaya ba, don jikinsa ya rage yin irin wannan sinadarin da kansa, tsayawa kwatsam tana iya kayar da shi. A hankali likita ke rage ta.

Montelukast daban take. Ƙwayar kariya ce da ake sha sau ɗaya a rana, tana taimaka wa wasu, musamman masu atishawa da toshewar hanci tare da asmar. Ƙarfinta bai kai na inhelar kariya ba, kuma a 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa mata babban gargaɗi saboda munanan mafarkai, rashin barci da sauyin hali da take jawo wa wasu. Uwar da aka rubuta wa ɗanta ita ta sa ido a kan wannan.

Zuma, habbatus sauda da tafarnuwa ba a hana kowa ba, amma babu ɗayansu da zai buɗe ƙirjin da ya ɗaure da tsakar dare. Haɗin da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba kuwa, in ya ba da sauƙi cikin kwana ɗaya ya kuma sa fuska ta cika, a yi zargin an daka ƙwayar siteroid a ciki, don an sha kama irin haka a ƙasashe da dama.

Inhela biyu: ta kariya kullum, shuɗiya don ko-ta-kwana

Inhelar kariya, irin su beklometason da budesonid, siteroid ce ita ma, sai dai adadinta ƙanƙane ne kuma kai tsaye take sauka inda ciwon yake. Wannan ne bambancinta da ƙwayar firednisolon da aka ambata a sama, kuma bambanci ne mai girma. Ana shaƙar ta safe da yamma, ko ana ciwo ko ba a yi. Da yawansu launin ƙasa-ƙasa ne ko ja, amma kada a dogara da launi, don ba kowane kamfani ke bin wannan al'ada ba. A karanta sunan.

Gwangwani mai feshi 200, idan ana yin 2 da safe 2 da yamma, kwana 50 zai yi. Tsadarta ta fi ta shuɗiya, amma a cikin hanyoyin da ke maganin kumburi yadda ya kamata, yawanci ita ce mafi sauƙin kuɗi a wata. Matsalar samuwa ce ta fi damu, don ba kowane kemis na unguwa ke ajiye ta ba. Sau da yawa sai an je manyan shagunan magani ko na asibiti.

Wahalarta ta haƙuri ce. Ka fesa ba ka ji komai ba. Sai bayan kwanaki ake fara ganin sauyi, cikakken amfaninta kuma sai an yi makonni. Mutane da yawa a nan suke yanke hukuncin cewa ba ta aiki. Wasu kuma idan sun samu sauƙi sai su ajiye ta don tattali, bayan 'yan makonni kumburin ya dawo, su koma kan shuɗiya ita kaɗai ba tare da sun lura ba. A ganina wannan ne babban raunin tsarin, ba maganin ba.

Illolinta ƙanana ne: dishewar murya da farin kurji a baki, waɗanda kuskure baki da tofarwa bayan kowace shaƙa ke rage su ƙwarai. Iyaye sukan tambaya game da tsawon yaro. An auna, ragin ya tsaya a kusan santimita 1, kuma asmar da ba a kula da ita ba ta fi haka cutar da girman yaro da karatunsa. Mai juna biyu ba ta ajiye inhelarta, domin ƙarancin iska ya fi maganin haɗari ga abin da ke cikinta. A watan azumi tsarin safe da yamma yana daidaita da sahur da buɗa-baki ba tare da wata matsala ba. Maganar fesawa da rana idan ƙirji ya ɗaure kuwa, malamai sun yi saɓani a kan ko tana karya azumi, da yawa sun ce ba ta karyawa, amma ba su yi saɓani a kan cewa mara lafiya yana da uzuri ba.

Inhela ɗaya mai haɗi biyu

Budesonid da fomoterol a gwangwani ɗaya: Symbicort, ko Foracort na kamfanin Cipla, da makamantansu. Fomoterol yana buɗe ƙirji cikin minti 1 zuwa 3, kusan kamar salbutamol, aikinsa kuma ya kai awa 12. Hikimar ita ce duk sanda mutum ya kai hannu don neman sauƙi, ya sha maganin kumburi tare da shi, ko ya so ko bai so ba. Wato halin nan na ɗan Adam na tuna magani sai an ji ciwo, maimakon a yi ta faɗa da shi, an mayar da shi abin amfani. Wannan ce hanyar da GINA ta fifita yanzu ga manya da matasa daga shekara 12. A wani babban gwaji da aka wallafa a 2018, masu asma mara tsanani da suka yi amfani da ita lokacin buƙata kawai sun samu raguwar mummunan tashi da fiye da rabi, idan aka kwatanta da masu shuɗiya ita kaɗai. Tana kuma cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Hanya biyu ake bi da ita. Mai asma mara tsanani ya zuƙa idan ya ji alama kawai. Wanda tasa ta fi ƙarfi ya zuƙa safe da yamma, ya kuma ƙara idan ƙirji ya ɗaure, iyakar da aka sa wa babba ita ce zuƙa 12 a yini, kuma wanda ya kusa kaiwa nan asibiti ya kamata ya nufa.

A kanta ita ce mafi tsada, har mutum ya ji farashin ya juya. Amma a yi lissafin. Tana zuwa da zuƙa 60 ko 120. Wanda ke buƙatar ta sau 3 a mako, mai zuƙa 60 za ta kai shi mako 20. Wanda ke yin safe da yamma kuwa wata ɗaya za ta yi masa, a nan tsadar take ciwo da gaske. Don haka araharta ko tsadarta ta danganta da irin asmar da kake da ita.

Symbicort da aka fi gani gari ne ba feshi ba, ana murɗa gindinta a zuƙa da ƙarfi. Ba a girgiza ta, ba a daidaita hannu da numfashi, kuma tana nuna saura nawa. Sai dai ƙaramin yaro ko tsohon da ƙarfinsa ya ragu ba zai iya zuƙar da ta isa ba. Danshi kuma maƙiyinta ne. A daminar Jos, Yuli da Agusta, a riƙa rufe ta da kyau, kada a ajiye ta a banɗaki, kada kuma a hura numfashi a cikinta.

Kada a rikita ta da Seretide. Ita ma haɗi biyu ce kuma kariya ce mai kyau, amma salmeterol da ke cikinta yana jinkirin fara aiki. Ba a neman sauƙin gaggawa da ita. Mai Seretide dole ya riƙe shuɗiya a aljihu.

Injin nebulaiza, da abin da ya fi shi araha

Sha'awar injin nan abin fahimta ce. An kai yaro asibiti yana haki, an sa masa abin rufe hanci, tururi ya tashi, ya dawo hayyacinsa. Uba ya ce da wannan yana gida ai an huta. Abin da ba a lura da shi ba shi ne ruwan da aka zuba a injin salbutamol ne, irin na shuɗiyar inhela, sai dai an ba da shi da yawa, miligiram 2.5 ko 5 a lokaci guda. A asibiti kuma an haɗa masa da iskar oksijin, da siteroid, da idon ma'aikaci.

Kuɗinsa kashi biyu ne, na injin da na ruwan maganin da za a riƙa saye, ga bututu da abin rufe hanci masu lalacewa. In an kula da shi yakan yi shekaru. Amma mai aiki da lantarki yana jiran a kawo wuta, kuma asma ta fi tashi tsakanin tsakar dare da asuba. Tayar da janareta kusa da ɗakin mai asma wani sabon ciwon ne. Kowane zama yakan ci minti 10 ko fiye, ba ya bin yaro makaranta, kuma idan ba a wanke kofinsa an shanya ba, ƙwayoyin cuta yake fesawa cikin huhu. Haɗarinsa mafi girma shi ne jinkiri: a yi ta maimaita tururi a gida ana jiran sauƙi, har lokacin zuwa asibiti ya wuce.

Abin da ya kamata a fara saye shi ne sifesa, wani bututun roba da ake cusa inhela ta gefe ɗaya a shaƙa ta ɗayan. Feshin yana tsayawa a cikinta na ɗan lokaci, sai mutum ya ja shi a natse, maimakon ya bugi maƙogwaro ya tsaya a nan. Bincike da yawa sun nuna cewa a tashin asma da bai kai na hallaka ba, shuɗiyar inhela da sifesa suna yin aikin da nebulaiza ke yi, a yara har bugun zuciya ya fi sauƙi. A girgiza inhela, a yi feshi ɗaya, a ja numfashi sau 4 ko 5, sannan a sake girgizawa a yi na gaba. Ƙananan yara akwai tasu mai abin rufe baki da hanci. Wanka da ruwan sabulu take so, a bar ta ta bushe da kanta ba tare da an goge da tsumma ba, don gugar tana sa maganin ya manne a jikin robar. In babu kuɗinta, robar lemo mai mililita 500 ta isa: a huda gindinta daidai da bakin inhela yadda zai shiga cif, a shaƙa ta bakin robar. Likitocin yara a Afirka ta Kudu sun gwada wannan tun 1999, suka ga tana aiki kamar ta kanti.

Ko da wanne aka zaɓa, akwai alamun da ba a zama da su a gida: mutum ya kasa ƙarasa jimla, fatar tsakanin haƙarƙari da ta wuya tana shigewa, leɓe ya sauya launi, ya fara gyangyaɗi ko ruɗewa, ko feshi ya ƙi yin tasiri. A zaunar da shi, kada a kwantar. Babba feshin shuɗiya 4 zuwa 10 ta sifesa, yaro ɗan shekara 5 zuwa ƙasa kuma feshi 2 zuwa 6, a maimaita bayan minti 20, ana yi ana kan hanyar asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) a Lamingo, ko asibitin Plateau Specialist, ko na Jankwano, duk wanda ya fi kusa.

| Zaɓi | Sauƙin gaggawa | Maganin kumburi | Kuɗi | Daɗewa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Shuɗiya kaɗai | E, minti 5 | A'a | Kaɗan | Feshi 200 | Tashi mai tsanani ba zato |
| Ƙwayar salbutamol ko tiyofilin | A hankali | A'a | Mafi ƙanƙanta | Saye kullum | Rawar jiki, bugun zuciya, guba |
| Firednisolon kullum | A'a | E | Kaɗan | Saye kullum | Suga, hawan jini, raunin ƙashi |
| Kariya da shuɗiya | E | E | Matsakaici | Kusan kwana 50 | Ajiye ta kariya in an ji sauƙi |
| Budesonid da fomoterol | E, minti 1 zuwa 3 | E | Mai yawa a kanta | Zuƙa 60 ko 120 | Tsada, danshi, rashin ƙarfin zuƙa |
| Nebulaiza a gida | E, in akwai wuta | A'a, in salbutamol ne kawai | Inji da ruwan magani | Shekaru | Jinkirin zuwa asibiti |

Tunda tsada ta buɗe wa jabu ƙofa, a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, in akwai wurin kankarewa a kwali a kankare a tura lambar. Ma'aikacin da ke cikin inshorar lafiya ta NHIA ko PLASCHEMA ya tambayi asibitinsa wace inhelar kariya ce ke cikin jerinsu kafin ya nufi kasuwa. Mai asma kuma ya faɗa wa duk mai ba shi magani cewa yana da ita, domin asfirin da ibufurofen suna tayar wa wasu, furofuranolol na hawan jini kuwa yana iya rufe ƙirji gaba ɗaya.

Wa ya dace da wanne?

Babba ko matashin da asmarsa ke zuwa jefi-jefi, a hunturu ko bayan ƙwallo, kuma ya san kansa ba zai riƙe maganin kullum ba, budesonid da fomoterol lokacin buƙata ta fi masa. In farashin ya gagara, ya nemi likita ya rubuta masa ta kariya mai sauƙin kuɗi, ya riƙa fesa ta duk sanda ya fesa shuɗiya, don wannan ma hanya ce da aka amince da ita.

Wanda ke jin alama fiye da sau 2 a mako, ko tari ke tashinsa da dare, ko ya rage aiki saboda haki, yana buƙatar kariya kullum. Mai hali ya ɗauki mai haɗi biyu safe da yamma. Mai ƙaramin ƙarfi ya ɗauki beklometason ko budesonid da shuɗiya da sifesa, ya ajiye ta kariyar kusa da buroshinsa don kada ya manta. Mai aikin yankan katako a kasuwar Katako, ko direban keke da ke shan ƙura da hayaƙi yini guda, yana cikin wannan rukunin, kuma kada ya jira sai hunturu ya shigo kafin ya fara, tunda maganin yana son makonni.

Yaro ƙasa da shekara 6: inhelar feshi da sifesa mai abin rufe fuska, ba sirop ba, ba ta gari ba. Ɗan makarantar kwana a ba shi shuɗiya da sifesa na musamman da za su zauna a hannunsa, malamin ɗakin kwanansa kuma ya san da maganar.

Wanda ya riga ya yi watanni a kan firednisolon ko deksa, zaɓinsa ba a kemis yake ba. Ya je asibiti a ɗora shi a kan inhelar kariya, a auna masa suga da jini, a riƙa rage ƙwayar mataki-mataki.

Nebulaiza a gida kuwa na 'yan kaɗan ne: tsohon da hannunsa ke rawa ko hankalinsa ya raunana har ya kasa sifesa, ko mai ciwon huhu mai tsanani da likitansa ya rubuta masa injin tare da bayanin adadi da lokacin da za a daina jira a taho asibiti. Irin wannan gida su nemi mai aiki da batir, su kuma ajiye shuɗiya da sifesa a gefe.